Doki: Ƙarfinsa a Ƙirji, Rauninsa a Ciki

Dokin tsere mai nauyin kilo 500 yana iya ɗaukar mutum ya yi gudun da ya haura kilomita 60 a awa guda. Shi wannan dokin kuma, idan ya kwance cikin dare ya tarar da buhun hatsi a buɗe ya ci son ransa, kafin kwana biyu ana iya samunsa ya kasa taka ƙasa, ko ma a wayi gari da mushe. Masu kiwon dawaki sun daɗe da sanin duka biyun, sun gada kaka da kakanni. Dalilin da ya sa haka ke faruwa shi ne likitocin dabbobi suka yi shekara da shekaru suna tonowa.

Likitancin dabbobi na zamani ma da doki ya soma. Makaranta ta farko a wannan fanni an kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1761, kuma wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, malamin koyar da hawa ne. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen fili a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna cewa a sukuwa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa, kuma hakan na faruwa ne sa'ad da ya tattaro su ƙarƙashin cikinsa. A shekarun 1960 wani likita a Suwidin, Sune Persson, ya soma ɗora dawaki a kan na'urar da bel ke gudu a ƙarƙashin ƙafafunsu, doki na gudu amma yana wuri ɗaya, ana ɗibar jininsa ana ƙirga bugun zuciyarsa. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Abin da aka tara tun daga wancan lokaci ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Daga Kano, Katsina, Zazzau da Daura zuwa Damagaram da Maraɗi, doki yana nan a barga, ana hawan sallah da shi, ana sukuwa, ana folo, ana rakiyar ango. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Darasin da binciken ya ƙunsa kuwa ɗaya ne: an yi doki domin ya yini yana tafiya yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, ya zabura da gudu in haɗari ya taso. Yawancin ciwon da ke kwantar da shi yana fitowa daga inda muka saɓa wa wannan tsari, sau da yawa ma da niyyar kyautata masa.

Abin da ke faruwa a ƙirji lokacin sukuwa

Doki yana tsaye a turke zuciyarsa na bugawa sau 30 zuwa 40 a minti. Idan aka sake masa linzami, bugun yakan kai 220 zuwa 240. A dokin tsere nauyin zuciyar kan kai kilo 4 zuwa 5, kuma a tsananin gudu tana tura jinin da ya haura lita 250 a kowane minti. Akwai waɗanda suka zarce haka. Phar Lap, shahararren dokin Ostireliya da ya mutu a 1932, an auna zuciyarsa ta haura kilo 6, kuma har yau tana ajiye a gidan tarihi a Kanbera.

Sai dai babbar baiwar doki tana cikin saifarsa. Lokacin hutu saifa kan ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku na jajayen ƙwayoyin jini. Da zarar doki ya zabura, ko ya ji ganga da algaita jikinsa ya ɗau tsuma, saifar sai ta matse ta watso su cikin jijiyoyi. Jinin da a da jajayen ƙwayoyi ba su wuce kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari nasa ba, sai ya koma kashi 60 ko fiye. Waɗannan ƙwayoyi su ke ɗaukar iskar oksijin zuwa tsoka. Shi ya sa, idan aka auna kilo da kilo, dokin tsere yana shan oksijin ninki biyu na abin da zakaran 'yan gudu cikin mutane ke sha.

Numfashinsa ma yana da nasa ƙa'ida. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai. A sukuwa kuma numfashi da taku a ɗaure suke: tsalle ɗaya, numfashi ɗaya. Idan ya ɗaga ƙafafun gaba iska ta shiga, idan ya dira ta fita, kamar zugazugin maƙeri. Wasu masana biyu a Amurka, Bramble da Carrier, su suka bayyana wannan dalla-dalla a 1983. Ma'anarsa ita ce doki ba shi da damar ƙara numfashi yadda ya ga dama yana tsakiyar gudu, don haka duk abin da ya ƙuntata hanyar iska, ko majina ce, ko kumburin maƙogwaro, ko janye wuya da linzami har haɓa ta kusa taɓa ƙirji, yana rage masa ƙarfi nan take.

Huhu shi ne gaɓar da ta fi gajiyawa a wannan tafiya. Horo yana ƙara wa zuciya da tsoka ƙarfi, amma huhu ba ya girma da horo. Ƙarfin jinin da zuciya ke turowa kan yi yawa har ƙananan jijiyoyin huhu su fashe. A da ana ganin dokin da jini ya fito ta hancinsa bayan tsere ne kawai ke da wannan matsala. A farkon shekarun 1980, da aka soma zura bututu mai kyamara a maƙogwaron dawaki bayan gudu, sai aka ga mafi yawansu suna zubar da jini a ciki, kaɗan ne nasu ke fitowa waje. Ƙurar barga da busasshiyar ciyawa mai fumfuna suna ƙara wahalar da huhu. Yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba ta, da barin iska ta riƙa ratsa barga, ƙananan abubuwa ne masu babban amfani, musamman da hunturu.

Cikin da aka yi domin kiwo

Duk girman doki, tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 yake ɗauka. Ba ya amai, domin ƙofar tumbin a matse take, abin da ya shiga ba ya dawowa. Ba shi da maɗaciya. Idan aka sake shi a daji yakan yi awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo. Saboda haka tumbinsa yana zuba ruwan tsami mai narkar da abinci dare da rana, ko da abinci ko babu. Miyau, wanda ke kashe kaifin wannan tsami, ba ya zuwa sai doki yana tauna.

A nan bambancin ciyawa da hatsi yake fitowa. Masu bincike a Jamus sun ƙirga: kilo ɗaya na busasshiyar ciyawa kan ci wa doki kimanin minti 40 da tauna sama da 3,000, amma kilo ɗaya na hatsi cikin minti 10 ya gama da shi, da taunar da ba ta kai 1,000 ba. Dokin da aka cika wa komi da dawa safe da yamma, sannan ya yini a turke yana kallon bango, yana ɗauke da tumbi mai cike da tsami babu abin da zai tare shi.

Rabin tumbin na sama ba shi da majinar da ke kare na ƙasa. A 2002 masu bincike a Jami'ar Fulorida sun nuna cewa da doki ya soma sassarfa ko sukuwa, cikinsa kan matse tumbin, ruwan tsamin ya fantsama sama ya ƙona wannan wuri. Sakamakon shi ne gyambon ciki, wanda aka samu a kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na dawakin tsere da ke cikin horo a ƙasashe daban-daban. Alamunsa ba sa ihu: doki ya riƙa barin abinci, ya rame, gashinsa ya dushe, ya riƙa cizo ko harbi idan an zo ɗaure majayi. Akwai magani, omefirazol, irin wanda ake ba mutane. Amma abin da ya fi sauƙi shi ne kada a hau doki cikinsa wayam. Ɗan dami na harawa rabin awa kafin a ɗaura sirdi yana yin shimfiɗa a kan ruwan tsamin ya hana shi fantsama.

Bayan tumbi da ƙaramin hanji mai tsawon sama da mita 20, sai babban hanji, wanda shi ne ainihin rumbun doki. A can biliyoyin ƙananan halittu ke ruɓar da ciyawa su mai da ita ƙarfi. Idan hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya narkar da sitacinsa duka, ragowar sai ta gangara can. Wasu ƙwayoyin su yi ta hayayyafa, tsami ya hauhawa, masu amfanin su mutu, iska ta taru, guba ta shiga jini. Wannan ce hanyar ciwon cikin da ke sa doki birgima, kallon kwiɓinsa, da tonon ƙasa da ƙafar gaba, wanda kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki a duniya. Wani bincike da aka yi a gonakin jihohin Bajiniya da Merilan na Amurka, aka buga a 1997, ya gano cewa dokin da ke cin kilo 2.5 zuwa 5 na hatsi a rana haɗarin ciwon cikinsa ya ninka kusan sau 5 a kan wanda ba ya ci, wanda ya haura kilo 5 kuwa sau 6.

Irin hatsin ma yana da tasiri. Ots, hatsin da Turawa suka fi ba dawakinsu, sama da kashi 80 cikin ɗari na sitacinsa yana narkewa a ƙaramin hanji, amma masarar da ba a ɓarza ba abin da ke narkewa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Dawa ma ƙwayarta ƙarama ce mai tauri, shi ya sa ɓarza ta ko dafa ta ya fi zuba ta tsaba. Ƙa'idar da masana suka tsaya a kai ita ce doki ya samu ciyawa ko harawa da ta kai aƙalla kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa kullum. Dokin gida mai kilo 350 ke nan yana bukatar kilo 5 da ɗoriya na busasshiya, hatsin da zai ci a zama ɗaya kuma kada ya wuce kimanin kilo guda. Ido ba mudu ba ne, a nan gara a ɗauko sikeli. Sauya abinci kuma a hankali ake yinsa, cikin kwana 10 zuwa 14, ko da daga busasshiyar ciyawa ce zuwa ɗanyar farkon damina. Zuba abinci a kan rairayi yana tara yashi a hanji, ledar da iska ta kwaso kuma tana toshe shi.

Dusa, harawa da kanwa

Dusa abinci ce mai arha da doki ke so, amma tana da aibin da ba a gani da wuri. Ƙashi yana bukatar sinadaran kalsiyam da fosfaras, kuma kalsiyam ya kamata ya rinjaya, kamar kashi ɗaya da rabi zuwa biyu a kan ɗaya. Hatsi da dusa akasin haka suke. A dusar alkama fosfaras ya ninka kalsiyam kusan sau 10. Dokin da ya daɗe a kan dusa da hatsi zalla, jikinsa kan soma kwasar kalsiyam daga ƙashi domin ya cike giɓin da ke cikin jini. Ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ɗingishi ya riƙa yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan. A Turai an fara lura da ciwon ne a dawakin masu injin niƙa, waɗanda dusa ba ta yanke musu.

Maganin yana cikin gonarmu. Harawar wake da ta gyaɗa, kamar sauran danginsu, suna da kalsiyam da furotin fiye da ciyawar daji, suna kuma taimakawa wajen rage tsamin tumbi. Tsoffin masu barga da suka riƙe harawa a matsayin ginshiƙin abincin doki sun dace da abin da ɗakin bincike ya tabbatar daga baya. Sharaɗin shi ne ta bushe da kyau, ba ta yi fumfuna ba.

Fumfuna ba abin wasa ba ce ga doki. Masarar da ta lalace tana iya ɗaukar wata guba mai suna fumonisin, wadda masana a Afirka ta Kudu suka ware a 1988, tana narkar da ƙwaƙwalwar doki ya riƙa tangaɗi da zagaye har ya faɗi. Hatsin da aka ga bai dace da tukunya ba bai dace da komin doki ba. Haka abincin kajin gidan gona: wasu ana zuba musu maganin monensin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki.

Sai kanwa, wadda barga ba ta rabuwa da ita. Tana ba da sodiyam, kuma dawaki na sonta. Amma gumin doki yana fitar da sinadarin kulorayid da yawa, shi kuwa a gishirin girki yake da yawa. Don haka kanwa ba ta ɗauke wa gishiri aikinsa. Gram 30 zuwa 50 na gishiri a rana, da ƙari a ranar aiki, shi ne abin da aka saba ba da shawara.

Ƙiba da kofato

A wurare da yawa dokin da ya yi ɓul-ɓul, wuya ya yi tozo, shi ne shaidar cewa ubangijinsa ya isa. Bincike ya zo da labarin da ba zai yi wa masu wannan ra'ayi daɗi ba. A cikin kofato akwai ƙashi, kuma abin da ya rataye shi a jikin bangon kofaton wasu siraran ganyayyakin nama ne kusan 600 da suka sarƙe da juna. Idan suka kumbura suka saki, nauyin doki sai ya danna ƙashin ƙasa, wani lokaci har ya huda tafin kofato. Dokin da ya kamu yakan miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, kofaton ya ɗau zafi, ya ƙi motsi. Wannan ciwo ne ya sa aka kashe Secretariat, dokin da ya lashe manyan tsere uku na Amurka a 1973, yana da shekara 19 a 1989.

An daɗe da sanin cewa ɓarkewa da cin hatsi na kawo shi. Abin da ya sauya tunanin likitoci shi ne aikin da aka yi a Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya, inda Farfesa Chris Pollitt ya yi shekaru yana nazarin kofato. A 2007 masu binciken can suka nuna cewa idan sinadarin insulin ya yi yawa a jinin ƙuru mai lafiya, cikin kwana uku ciwon ke bayyana. Yanzu an san mafi yawan dawakin da ke kamuwa masu ƙiba ne ko masu matsalar insulin. Masu binciken Kwinslan ɗin ne kuma suka nuna cewa tsoma ƙafafu cikin ruwan ƙanƙara tun da wuri yana rage ɓarnar. Ma'aunin ƙiba da ake amfani da shi tun 1983 ya raba jikin doki hawa 9, kuma na 5 ake nema: haƙarƙari ba ya bayyana ga ido, amma hannu na jin sa idan aka shafa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A zamanin da dawaki ke jan kaya a biranen Turai, akwai ciwon da ke kama su ranar Litinin da safe. Sun huta Lahadi, an ba su hatsi cikakke kamar ranar aiki, da aka ɗaura musu keke sai tsokar cinya ta sandare, gumi ya karyo, fitsari ya koma baƙi-baƙi. Tsoka ce ke fashewa, abin da ke cikinta ya bi jini ya sauka a ƙoda. Dokta Stephanie Valberg ta gano a 1992 cewa wasu dawakin suna tara sukari fiye da kima a tsoka, a 2008 kuma ita da abokan aikinta a Jami'ar Minesota suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa hakan. Dokin da ba shi da wannan gado ma yana kamuwa idan aka yi masa aikin da ya fi horonsa. Idan ya sandare a hanya, tilasta masa tafiya ƙara ɓarna ne. A sauka, a ba shi ruwa, a nemo likita.

Duk wanda ya san yadda ake ajiye dokin hawa zai ga kamar da shi ake. Wata da watanni a turke ana ɗura masa hatsi, ranar sallah a ɗaura masa kaya masu nauyi, ya yini a rana, a ƙarshe a yi jafi da zamiya a kan ƙasa mai tauri. Zuciya da tsoka suna karɓar horo cikin makonni, amma ƙashi da jijiyar ƙafa watanni suke bukata, kuma a zamiya su ke ɗaukar nauyin duka. Ƙilisa ta yau da kullum, wadda ake ƙara wa tsawo da sauri kaɗan-kaɗan tun wata biyu ko uku kafin hawa, ita ce rigakafin. Ranar da babu aiki a rage hatsi, a bar harawa.

Akwai kuma batun jerin kwanaki. Makamashin da tsoka ta ƙona a aiki mai tsanani, mutum kan mayar da shi cikin kwana ɗaya, doki kuwa yakan kai kwana uku. A Kano hawan sallah, hawan Daushe da hawan Nassarawa a jere suke zuwa. Dokin da ya fita duka yana shiga na ƙarshe da ragowar ƙarfi, kuma gajiyayyen doki ne ke tuntuɓe. Allurar kashe zafi da ake yi wa mai ɗingishi don ya fita hawa tana ɓoye ciwon ne kawai, jijiyar tana ci gaba da yagewa.

Zafi, gumi da ruwa

Kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama. Doki ya ninka mutum nauyi kusan sau 6, amma faɗin fatarsa bai wuce ninki biyu da rabi ba, don haka zafi ya fi taruwa masa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, idan ya haura 41 an shiga haɗari. Da gumi yake fitar da zafin, lita 10 zuwa 15 a awa guda idan aiki ya tsananta. Guminsa kuma ya fi jininsa gishiri, abin da ke sa ƙishirwarsa ba ta tashi daidai da ruwan da ya rasa. Yana iya bushewa a ciki kuma ya ƙi sha.

Mafi yawan abin da aka sani a wannan fanni ya fito ne daga shirin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Bayan wahalar da dawaki suka sha da zafi a Basalona a 1992, an ji tsoron zafi da laimar Atlanta, sai masana irin su David Marlin na Ingila suka duƙufa. Sun rushe wata tsohuwar magana da masu dawaki suka yi imani da ita a ƙasashe da yawa, cewa ruwan sanyi a jikin dokin da ya yi gudu yana sandarar masa da tsoka. An gwada, an ga kwara masa ruwan sanyi mai yawa, a kai a kai, daga wuya har kuturi, shi ne hanya mafi sauri ta sauke zafi, kuma ba ya cutarwa. Barinsa ya sha ruwa bayan gudu ma ba ya kawo ciwon ciki. Sun kuma gano cewa doki na bukatar mako biyu zuwa uku yana motsa jiki a cikin zafi kafin ya saba. A Atlanta an mayar da gudun daji sassafe, an rage nisansa, an kafa fankoki masu fesa ruwa.

A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Kano, Katsina da Sakkwato ke kaiwa digiri 40. Lifidi, jalala da sauran kayan ado suna rufe fatar da gumi zai bushe a kanta. Dokin da ke hutawa yana shan lita 25 zuwa 35 a rana, da zafi da aiki kuwa ninki biyu ko fiye. Gane bushewa ba shi da wuya: a ɗaga fatar wuya a saki, idan ta jima ba ta kwanta ba, ko dasashi ya bushe, ruwa ya yi ƙaranci. Dawakin folo da ake kawowa daga ƙasashe masu sanyi suna da ƙarin haɗari, domin wasu gumin nasu kan ɗauke gaba ɗaya a ƙasa mai zafi, ciwon da aka fara bayyanawa a dawakin Ingila da aka kai ƙasashe masu zafi zamanin mulkin mallaka.

Ciwon da ke zuwa daga waje

Ba duk ciwo ne daga komi yake fitowa ba. Annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da almuru da asuba ke yaɗawa, tana kashe har kashi 90 cikin ɗari na dawakin da ba su saba da ita ba. Tsakanin 1959 da 1961 ta ratsa Gabas ta Tsakiya har Indiya ta kashe dabbobi sama da 300,000, ta shiga Sifen a 1987, ta ɓulla a Tailan a 2020. Rigakafi da shigar da doki barga kafin magariba su ne kariya. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki ta bi ta arewacin Najeriya, Nijar da Senegal ta kashe jakuna masu yawa. Taron hawa, inda dawakin gundumomi da yawa ke shan ruwa a wuri ɗaya, hanya ce mai sauƙi ga irin wannan cuta. Kaska na kawo zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jini, ƙusa a kofato na kawo cutar sarƙe-haƙora, wadda allura mai arha ke hanawa.

A gasar dogon zango ta duniya, inda doki ke cin kilomita 160 a yini ɗaya, akwai tsarin da ya cancanci a duba. Bayan kowane zango likita ne ke tare hanya. Sai bugun zuciyar doki ya sauko zuwa 64 a minti cikin lokacin da aka ƙayyade, an duba dasashi, an saurari hanji, an sa shi sassarfa an ga ba ya ɗingishi, sannan ya ci gaba. Wanda ya kasa, ko na wane ne, ya fita. Kayan aikin ba su wuce abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafi da agogo ba. Najeriya tana da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, tana da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Mafi yawan alƙaluman da ke hannu an same su ne daga dawakin Turai da Amurka masu cin abincin can, don haka auna harawarmu, geronmu da dawakinmu aiki ne da ya rataya a wuyan waɗannan cibiyoyi. Abin da ya rage na masarautu ne da ƙungiyoyin sukuwa da folo: likita a bakin fili da ikon cewa wannan doki ba zai fita ba, tankokin ruwa a inda ake jiran sarki, da koya wa yaran barga, waɗanda su ke kwana da dawakin, yadda ake ƙirga bugun zuciya da karanta ma'aunin zafi. Shamakin da ya ba da wannan umarni zai ga amfaninsa tun a hawa na gaba.